Robar Indunusiya, Biyetnam, Tailan ko Kodebuwa: wacce ta fi dacewa da masana'anta a Indiya?

A shekarar kuɗi ta 2023-24 masana'antun Indiya sun ci ɗanyar roba kimanin tan miliyan 1.4, gonakin ƙasar kuwa tan 857,000 suka bayar. Abin da ya shigo ta teku a shekarar ya haura tan 490,000. Giɓin ba na jiya ba ne. Noman gida ya kai tan 913,700 a 2012-13, sai farashi ya karye, manoman Kerala, jihar da ta fi noman roba a Indiya, da yawa suka bar tsaga bishiya, amfanin ya sauko zuwa tan 562,000 a 2015-16. A 2018-19, shekarar babbar ambaliyar Kerala, robar da aka shigo da ita ta wuce tan 580,000. Noman ya farfaɗo daga baya, amma masu yin taya, waɗanda su ke cinye wajen kashi 70 cikin 100 na robar ƙasar, sun fi shi saurin girma.

Abin da ya fi sauyawa shi ne inda kayan ke fitowa. Shekaru da dama Indunusiya ce uwa a kasuwar, Biyetnam da Tailan na biye. Yanzu Kodebuwa ta shiga sahun gaba, kason Indunusiya kuma ya ragu. Mai saye da ya saba da hanya ɗaya, yau hanyoyi huɗu ne a gabansa, kuma wanda ya tsaya kan farashin tan kawai ya zaɓa, sau da yawa zai biya bambancin a wani wuri: a injin cuɗa roba, a kuɗin ruwan banki, ko a ranar da rumbu ya ƙare jirgi bai iso ba.

Irin robar da ake nema

Manomin Indiya falle yake yi. Yana daskarar da ruwan roba da asid, ya matse shi a injin hannu, ya ƙyafe shi da hayaƙi. Wannan shi ne RSS, kuma farashin RSS 4 na Kottayam, garin da hedikwatar Hukumar Roba take, shi ne ma'aunin kasuwar cikin gida. Da ido ake tantance falle, a ɗaga shi ga haske a duba kumfa da datti da fumfuna. Abin da ake shigowa da shi daga waje kuwa, mafi yawansa robar bulo ce, wato TSR, wadda ake ba lamba bayan gwaji a ɗakin bincike. Kowace ƙasa da harafinta: SIR ta Indunusiya, STR ta Tailan, SVR ta Biyetnam, ISNR ta Indiya kanta.

Lambar 10 ko 20 da ke bin sunan, dattin da ke ciki take nunawa. A ma'aunin Tailan da Biyetnam, mai lamba 10 ba ta wuce datti kashi 0.08 cikin 100 ba, mai lamba 20 kuma 0.16, ana auna abin da ya maƙale a rariya mai ƙofar maikiron 45. Danshi da sauran abin da ke tashi da zafi kada ya wuce 0.8, naitirojin kada ya wuce 0.6. Sai ma'aunai biyu da suka fi damun mai injin cuɗawa. Po shi ne taurin roba a yadda ta zo, mafi ƙaranci 30. PRI shi ne kaso cikin 100 da ya rage na wannan tauri bayan an gasa samfurin minti 30 a zafin digiri 140. Ana so ya kai 50 ga mai lamba 10, 40 ga mai lamba 20. Roba mai ƙarancin PRI ta riga ta fara lalacewa tun kafin ta shiga inji, kuma tayar da aka yi da ita ba za ta jure zafin hanya yadda ake so ba.

Indunusiya da Biyetnam da Tailan da Kodebuwa duk suna iya cika waɗannan sharuɗɗa a takarda. Bambancin yana wajen nisan da ke tsakanin kwantenar yau da ta wata mai zuwa.

Indunusiya

SIR 20 ta yi suna ne da daidaito, abin mamaki kuwa, domin ɗanyen kayanta na cikin mafi datti a duniya. Ƙananan manoma a Sumatara da Kalimantan suna yin katon dunƙule mai kauri, a jiƙa shi cikin ruwa don ya yi nauyi, wani lokaci da ɓawon bishiya da yashi a ciki, wasu ma da alif ko takin zamani suke daskarar da shi maimakon asid na fomik. Saboda haka masana'antun Palembang da Medan da Jambi suka ƙware wajen yanka da wanki sau da yawa, su shimfiɗa robar kamar bargo su rataye ta kwanaki a iska kafin a marmashe ta a busar. Manyan kamfanonin tayar Amurka da Japan sun daɗe suna bin waɗannan masana'antu da bincike, kuma mai saye daga Indiya yana cin moriyar wannan horo.

Akwai wata fa'ida da ba a cika ambata ba. Bishiyar roba tana kaɗe ganye sau ɗaya a shekara, ruwanta ya ragu ƙwarai. A Tailan da Biyetnam da Kerala da Kodebuwa wannan yana faɗowa ne tsakanin Fabrairu da Afrilu, kusan lokaci guda. Indunusiya kuwa layin da ya raba duniya biyu ya ratsa ta, don haka kudancin Sumatara, inda aka fi noma, nata lokacin yana zuwa ne a rabin shekara na biyu. A watannin da kowa ke kukan ƙarancin kaya, Palembang, da ke kudancin Sumatara, tana lodi.

Matsalar ita ce kayan suna raguwa. Noman ƙasar ya haura tan miliyan 3.6 a 2017, daga nan ya yi ta sauka. Cutar zubar ganye ta Pestalotiopsis ta bazu, bishiyoyi sun tsufa ba a sake dashe ba, manoma da yawa sun sare roba sun shuka kwakwar manja. Masana'antu da dama sun rufe, waɗanda suka rage har dunƙulen roba suke sayowa daga Afirka don inji ya samu abin ci. Sakamakon ga mai saye a fili yake: SIR 20 ta bar zama mai araha, kuma idan kaya suka yi ƙaranci, mai kwangilar shekara ake fara sallama, mai sayen kwantena biyu ya jira.

Kodebuwa

A nan labarin ya juya. Ƙasar ba ta kai tan 200,000 ba a tsakiyar shekarun 2000, ta haura miliyan 1 a 2021, ta wuce miliyan 1.5 a 2023, ta zama ta uku a duniya bayan Tailan da Indunusiya. Manoman da suka bar koko suka dasa roba lokacin da farashi ya yi tashin gwauron zabi wajen 2011, bishiyoyinsu ne ke ba da ruwa yanzu, tunda bishiya tana ɗaukar shekara shida zuwa bakwai kafin a fara tsaga ta. Bishiyoyin matasa ne, ƙasar ba ta da manyan masana'antun taya da za su ci kayan, kusan duka fita suke yi ta Abijan da San Pedro.

Abin da manomi ke sayarwa shi ne ruwan da ya daskare a cikin kofin da ke rataye jikin bishiya. Wannan dunƙule ya fi na Indunusiya tsabta, shi ya sa yawancin kayan Kodebuwa lamba 10 ne, kuma sau da yawa ana samunsu a farashin da bai kai na lamba 20 ta Asiya ba. Ga mai yin tayar babbar mota, wanda roba ce mafi tsadar abin da ke cikin tayarsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma shi ne ya ja kamfanonin Indiya zuwa Afirka ta Yamma.

Amma sunan ƙasar bai isa ba, sai an san masana'antar. Tsofaffin kamfanoni irin SAPH da SOGB suna da gonakinsu da ɗakunan gwaji da suka daɗe. Ban da su, sababbin masana'antu da yawa sun buɗe cikin 'yan shekaru, musamman da gwamnati ta matsa a sarrafa kaya a gida, har ta dakatar da fitar da ɗanyen dunƙule a ƙarshen 2023. Wasu daga cikin sababbin suna aiki mai kyau, wasu suna koyo ne da kayan mai saye. Illa biyu aka fi gani. Ta farko, dunƙulen da ya daɗe a tsibe a rana ko cikin ruwa kafin a sarrafa shi, PRI ɗinsa na faɗuwa. Ta biyu, idan aka cika wa na'urar busarwa kaya don a yi sauri, tsakiyar dila ba ta bushe ba, sai a yanka a ga fararen ɗigo. Waɗannan ɗigon ɗanyar roba ce mai ruwa. Ba ta narkewa daidai a injin cuɗawa, kuma tana barin ƙuraje da ƙananan ramuka a cikin kayan da aka gasa. Idan kuma aka ƙara wuta don a kauce wa wannan, robar ta ƙone, ta yi danƙo, Po da PRI su sauka tare.

Sai nisa. Kaya daga kudu maso gabashin Asiya sukan isa Chennai cikin mako biyu zuwa uku. Daga Abijan a yi lissafin wata ɗaya da rabi, wani lokaci fiye, domin sai an sauya jirgi a hanya. A ɗauki misali don lissafi kawai: idan tan yana dala 1,800, kuɗin ruwan banki kashi 10 cikin 100 a shekara, ƙarin kwana 30 a teku yana cin kusan dala 15 a kowane tan. Wannan mai sauƙi ne. Mai nauyin shi ne jari. Masana'antar da ke cin tan 100 a wata, kwantena biyar ke nan, dole ta riƙe ƙarin tan 100 a hanya ko a rumbu a kowane lokaci. Kamfani mai ƙarfi ba zai ji ba. Ƙaramin mai yin bel ko tafin takalmi zai ji a jikinsa, kuma ragin dala 30 ko 40 a tan ba zai rufe masa ranar da inji ya tsaya ba.

Tsawon tafiya yana taɓa ingancin ma. Ɗanyar roba tana ƙara tauri da kanta idan ta daɗe a ajiye. Wadda ta bar masana'anta da taurin da aka rubuta a takarda, bayan wata uku tana iya isowa ta fi haka, sai an tsawaita murza ta ko an ƙara maganin laushi, wutar lantarki da lokaci su ƙaru.

Biyetnam da Tailan

Biyetnam tana noma kimanin tan miliyan 1.3, amma tana fitar da wajen miliyan 2, domin tana sayo ɗanyen kaya daga Kambodiya da Lawos. Mafi yawan abin da take fitarwa Sin yake tafiya, Indiya ce ke biye daga nesa. Ƙarfinta yana cikin robar da ake yi kai tsaye daga ruwan bishiya a manyan gonakin Tay Ninh da Dong Nai. SVR 3L launinta rawaya ne mai haske, dattinta bai wuce 0.03 ba, PRI ɗinta 60. Duk mai yin farin tafin takalmi, ko ɗaurin roba, ko gam, ko wani abu mai launi, nan ya kamata ya nufa. Lamba 10 ta Kodebuwa komai arharta ba za ta yi masa wannan aikin ba, baƙa-baƙa ce. Haka SVR CV50 da CV60, waɗanda aka sa musu magani don kada su ƙara tauri a ajiye, taurinsu a ma'aunin Mooney, na'urar da ke auna taurin roba wajen murzawa, yana tsayawa a 50 ko 60, da sassaucin 5 sama ko ƙasa. Sun fi tsada, amma ga masana'antar da ba ta da babban injin cuɗawa, suna rage mata matakin murza gaba ɗaya.

Inda ake faɗawa rami a Biyetnam shi ne SVR 10 ta hannun 'yan tsakiya. Kwantena ɗaya tana iya ɗauke da kayan masana'antu biyu ko uku a ƙarƙashin takardar gwaji ɗaya. Kuma farashin yana rawa da kasuwar Shanghai: ranar da Sin ta tashi saye, mai tayin jiya ba ya ɗaga waya.

Tailan ba ta buƙatar dogon bayani. Ita ce ta ɗaya a duniya, kusan kashi ɗaya cikin uku na robar duniya, tana da komai, kuma yawanci ita ce mai tsada. STR 20 mai kyau ce, sai dai a tambayi asid ɗin da aka daskarar da ɗanyen kayan, domin a arewa maso gabashin ƙasar an taɓa fama da masu amfani da asid na salfa, wanda ke rage ingancin roba yana kuma cin ƙarfen inji. Ambaliyar kudanci a watannin Nuwamba da Disamba takan tsayar da tsaga. Ga mai saye daga Indiya, amfanin Tailan ya fi fitowa a wuri biyu: falle RSS 3 idan na Kerala ya yi ƙaranci a lokacin damina, da ruwan roba mai kauri kashi 60 na masu yin safar hannu da katifa. Shi wannan ruwan harajinsa a Indiya ya kai kashi 70 cikin 100 ko rupi 49 a kilo, wanda ya fi ƙanƙanta, don haka sai an rasa na gida ake nemansa.

Haraji da takardu

Harajin busasshiyar ɗanyar roba kashi 25 cikin 100 ne ko rupi 30 a kilo, wanda ya fi ƙanƙanta. Ma'ana, da zarar farashin kaya a bakin tasha ya wuce rupi 120 a kilo, rupi 30 ne ake biya ko daga ina suka fito. Yarjejeniyar ciniki tsakanin Indiya da ƙasashen ASEAN, ƙungiyar ƙasashen kudu maso gabashin Asiya, ba ta haɗa da ɗanyar roba ba, saboda haka Indunusiya da Tailan da Biyetnam ba su da wani gata a kan Kodebuwa a wannan fannin. Wannan na cikin dalilan da suka sa Afirka ta iya kutsawa. Tun 2016 an taƙaita shigowar ga tashoshi biyu, Chennai da Nhava Sheva, kuma kayan na buƙatar amincewar Hukumar Roba kan inganci. Mai fitar da taya waje yana iya shigo da roba ba haraji, muddin ya cika alkawarin fitarwa cikin wa'adi.

Ƙofar da manoman Kerala ke ƙorafi a kanta ita ce gaurayayyiyar roba, wadda aka cuɗa da ɗan baƙin kabon ko wani sinadari. Kasafin kuɗin 2023 ya ɗaga harajinta daga kashi 10 zuwa daidai da na ɗanya, amma wadda ta fito daga ASEAN tana shiga da haraji kaɗan ko babu. Tana da araha, sai dai mai saye ba shi da tabbacin irin robar da ke ciki, kuma hanya ce da gwamnati ke iya toshewa kowane lokaci. Bai kamata a gina tsarin shekara a kanta ba.

Mai sayar da taya ga Turai yana da ƙarin lissafi. Dokar Tarayyar Turai ta 2023 kan sare daji ta shafi roba da taya: dole a nuna wurin kowace gona a taswira, a tabbatar ba a sare daji don ita ba bayan 31 ga Disamba 2020. An ɗage fara aiki da dokar daga ƙarshen 2024, amma masu saye a Turai sun riga sun fara tambaya. A jadawalin da aka fitar a 2025, Tailan da Biyetnam da Indiya suna rukunin ƙaramin haɗari, Indunusiya da Kodebuwa suna matsakaici. Duk da haka manyan kamfanonin Kodebuwa sun yi nisa wajen yi wa gonaki rajista, robar Biyetnam kuma da aka gauraya da ta Kambodiya tana da wuyar bin sawu. Roba mai cikakkiyar takarda kuɗinta daban ne, kuma asara ce a saye ta don tayar da za a sayar a Delhi.

Yadda ya kamata a raba

Shekarar 2024 ta nuna haɗarin dogara da hanya ɗaya. Rikicin Bahar Maliya ya hargitsa zirga-zirgar jirage, kwantenoni suka yi ƙaranci, tashar Singafo ta cushe, damina kuma ta hana tsaga a Kerala. A watan Agusta RSS 4 ta kai rupi 247 a kilo, ta karya tarihin rupi 243 na 2011. Waɗanda ke da kaya a hanya daga wurare biyu ko uku su ne suka ci gaba da aiki.

Ga babban mai yin taya ko wani baƙin kaya, ra'ayinmu shi ne ya sa lamba 10 ta Kodebuwa ta zama ginshiƙi, a kwangilar wata shida ko shekara da masana'antu biyu da ya gwada, farashi a ɗaure da matsakaicin TSR 20 na kasuwar Singafo na watan da ya gabata, da ragi ko ƙari da aka amince. Ya riƙe kaso na SIR 20 ko da ta fi tsada, musamman don lodin Fabrairu zuwa Mayu. Biyetnam ta zama ta cike giɓin gaggawa. Ƙaramar masana'anta kuwa, wadda ba ta wuce kwantena ɗaya ko biyu a wata ba, gara ta tsaya kan Biyetnam da ISNR 20 ta gida, ko ta sayi ta Afirka daga hannun dillalin da ya riga ya sauke a Chennai.

Masu sarrafa roba a Edo da Delta da Kuros Riba, da na Gana da Kamaru, wannan kasuwa a buɗe take gare su, tunda haraji ɗaya ne da na kowa. Abin da zai sa mai saye a Indiya ya sake dawowa shi ne kwantena ta goma ta yi daidai da ta farko.

Ko daga ina kayan suka fito, a rubuta waɗannan a kwangila: suna da lambar masana'antar da za ta yi kayan, da cewa ba a yi su fiye da wata biyu ko uku kafin lodi ba, da iyakar taurin Mooney, domin ma'aunin lamba 10 da 20 bai ƙayyade shi ba. A fayyace shiryawa. Dila kilo 35 ce ko 33.3, dila 36 mai kilo 35 a kan katako ɗaya kilo 1,260 ke nan, katako 16 su cika kwantena mai ƙafa 20 da tan 20.16. Idan aka jera dila ba katako ana samun tan 21, an rage kuɗin jirgi, amma a zafin teku dilolin ƙasa suna mannewa da juna, sai an sa ma'aikata su ɓamɓare su. Katakon da ba a busar ba yana kawo fumfuna da tsinke a jikin roba. Ledar da aka naɗe dila ita ma a tambaya: siririya mai narkewa ƙasa da digiri 110 ana jefa ta inji tare da robar, mai kauri kuwa dole a cire, in ba haka ba za a ga zarenta a cikin kayan da aka gama.

Ranar da kwantena ta iso, a auna nauyi kafin a sauke. Danshin kashi 0.8 da ma'auni ya yarda da shi kilo 160 ne a kwantena ɗaya, duk abin da ya wuce haka ruwa aka saya da kuɗin roba. A ɗauki dila daga bakin ƙofa, da tsakiya, da can ƙurya, a raba kowace biyu da wuƙa a duba cikinta, a aika samfur gwajin datti da Po da PRI da Mooney kafin a taɓa sauran. Dilar da ta shiga inji ba a karɓar ƙorafi a kanta, kuma wa'adin ƙorafin da ke cikin kwangila yana ƙirgawa ne tun daga ranar da aka sauke kaya a tasha.